Ido, Kogi da Eriya: Daga Baƙin Ƙudan Kwara Zuwa Gilashin da Ke Aika Saƙo Daga Cikin Ido

Kafin a tare Kogin Kwara a Kainji, ruwan da ke gangarowa daga Yelwa zuwa Busa ba shi da natsuwa. Yana ratsa duwatsu, yana kewaya tsibirai, yana tumfafiya a wuraren da sai gwanin Sarkawa ko Gungawa ke iya ratsawa da kwalekwale. A cikin wannan gurnanin ruwa na kusa da Busa ne Baturen nan Mungo Park ya hallaka a 1806, kuma neman takardunsa na cikin abin da ya kawo Richard Lander da ƙanensa John fadar Sarkin Yawuri a 1830. Littattafan Turawa sun cika da wannan labari. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne, ruwan nan mai gudu da ya ci Park ya daɗe yana cin idanun mutanen da ke zaune a bakinsa.

Akwai wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda da ba ya yin ƙwai sai a ruwa mai gudu, inda ake da duwatsu da iska a cikin ruwan. Idan ya ciji mai ɗauke da cutar da ke cin idon nan, ya koma ya ciji lafiyayye, sai ya zuba masa 'ya'yan wata tsutsa. Tsutsar takan girma ta dunƙule a ƙarƙashin fata, ta yi shekara goma zuwa goma sha biyar tana haihuwar ƙananan 'ya'ya dubbai. Su ne ke yawo a fata su haddasa ƙaiƙayin da ke hana barci, su ne kuma ke shiga ido su mutu a ciki, idon ya yi ta kumburi yana warkewa da tabo, har gani ya ƙare. Mutum ba ya makancewa a cizo ɗaya. Sai manomi ko masunci ya shekara ashirin ko talatin ana cizonsa, sannan ya wayi gari yana neman ɗan jagora a lokacin da ya kamata a ce shi ke ciyar da gida. Ƙasar Hausa ta san makanta sani na haƙiƙa, har ta yi mata sarauta, ga Sarkin Makafi nan a manyan garuruwa. Malamai ma ba su ƙyale lamarin ba, domin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, yana cikin waɗanda suka yi rubutu a kan maganin ciwon ido.

An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968. Tabkin da ya taru a bayanta ya miƙe fiye da kilomita 130 zuwa arewa, ya haɗiye tsohuwar Busa da tsibirai da gonakin fadama, aka tashi mutane wajen 44,000 aka mai da su sababbin matsugunai. Gungawa da yawa suka bar tsibiran kakanninsu, suka koma noman albasa a gaɓar tabki. Wannan rashi ne da har yau tsofaffi ke ambato. Amma ruwan da ya kwanta ya nutsar da duwatsun da ƙudan ke hayayyafa a kai, cizo ya ragu a tsakiyar yankin, ko da yake ƙudan ya ci gaba da zama a rafukan da ke zubowa cikin tabkin da kuma ƙasan madatsa. Ruwan kwance kuma ya zo da nasa: dodon koɗi ya samu gida, tsargiya ta samu hanya.

Abin da ya karya ƙashin bayan cutar ƙwaya ce. A 1987 kamfanin Merck na Amurka ya yi alkawarin bayar da maganin Mectizan kyauta har sai an ga bayan cutar. Maganin yana kashe 'ya'yan tsutsar, ba ya kashe uwar, don haka dole a sha shi duk shekara har uwar ta tsufa ta mutu. Ba likita ke rabawa ba. Tun daga ƙarshen shekarun 1990 gari ke zaɓar mutuminsa, a ba shi littafi da ƙwayoyi da wata sanda mai alamomi, ya auna tsayin mutum ya san ko ƙwaya nawa zai ba shi. Da wannan sanda, da taimakon ƙungiyoyi irin su Sightsavers, Jihar Kebbi ta shiga jerin jihohin da hukumomin lafiya na Najeriya suka ce an katse yaɗuwar cutar a cikinsu. William Campbell da Satoshi Omura, waɗanda suka gano maganin, sun samu kyautar Nobel a 2015. Masu sandar ba wanda ya san sunansu sai mutanen garinsu.

Na fara da wannan ne domin duk wanda zai ba mutanen Yawuri, Ngaski da Shanga labarin na'urar zamani da ake sa wa ido, ya kamata ya san cewa da mutanen da suka san darajar ido yake magana. A daidai shekarun da ake wannan gwagwarmaya a bakin Kwara, a wasu ɗakunan bincike na Turai da Amurka ana wata daban: yadda za a sa na'ura a kan ƙwayar ido, ta yi aune-aune, ta aika da abin da ta gano ba tare da waya ta haɗa ta da komai ba.

Tushen abin tsoho ne. A 1888 wani likitan ido a Zurik, Adolf Fick, ya yi gilashin da ake ɗorawa kai-tsaye a kan ƙwayar ido. Ya gwada a idon zomaye, sannan a nasa. Gilashi ne na gaske, mai nauyi, ba a jure shi sai na 'yan sa'o'i. Sai a watan Disamba na 1961 wani masanin sinadarai a birnin Prag, Otto Wichterle, ya haɗa wata 'yar na'ura a gidansa da kayan wasan ɗansa na ƙira, ya fitar da irinsa mai laushi da ke shan ruwa. Daga 1971 aka fara sayar da shi a Amurka. Yau miliyoyin mutane na sa shi maimakon tabarau. Faɗinsa kimanin milimita 14 ne. A cikin wannan ɗan fili ne injiniyoyi suka ƙudura sai sun cusa ma'auni, da ƙwaƙwalwar lantarki, da eriya, su kuma bar tsakiya fayau domin mutum ya gani.

Wahalar tana da yawa, kuma ita ce zuciyar wannan tarihi. Baƙin ido ba shi da jijiyoyin jini a fatarsa ta gaba, daga iska yake shaƙar abin da yake rayuwa da shi ta cikin hawaye. Duk abin da aka ɗora masa dole ya bar iska ta wuce. Ba ya son zafi ko kaɗan, lantarki kuwa duk inda ya gudana sai ya ɗumama wurin. Hawaye ruwan gishiri ne, ruwan gishiri kuma yana shanye igiyar rediyo, ya raunana saƙo tun bai bar ido ba. Fatar ido tana kiftawa sau dubbai a yini, tana goga duk abin da ke wurin. Sannan ga babbar tambaya: wuta daga ina? Batirin da zai ɗauki aikin yini ya fi ƙarfin wurin.

Mafitar da aka fi bi ita ce a hana gilashin batir gaba ɗaya. Sai a naɗe siririyar waya ta zinariya ko makamanciyarta a gefensa ta zama zobe, a kawo wani zoben mai wuta kusa da shi daga waje. Na wajen yana kaɗa maganaɗisu, na cikin ya karɓa ya mai da shi ɗan lantarkin da zai tashi ma'aunin. Ta wannan hanyar ce kuma amsa ke komawa: na cikin yana canza yadda yake jan wutar, na wajen ya ji canjin ya karanta shi a matsayin lambobi. Haka katin banki ke yi idan an ɗora shi a kan na'urar mai POS ba tare da an zura shi ba, kuma kamar katin, sai an matso kusa sosai. Bluetooth, wanda kamfanin Ericsson na Suwidin ya faro a 1994, yana kai saƙo nesa da haka, amma yana cin wutar da gilashin ido ba shi da ita. Shi ya sa yawanci ake raba aikin biyu: gilashi ya yi raɗa da wani abu da ke manne kusa da ido, shi kuma wannan abin ya yi magana da wayar salula ko kwamfuta.

Cikin waɗanda suka fara nuna wa duniya wannan a fili akwai Babak Parviz, ɗan asalin Iran, malami a Jami'ar Washington da ke Siyatil. A 2008 ƙungiyarsa ta nuna gilashin da aka shimfiɗa wa hanyoyin lantarki. A 2011, tare da masana daga Jami'ar Aalto ta Finlan, suka kunna ɗigon haske guda ɗaya tak a cikin gilashin da ke kan idon zomo, da wutar da aka turo ta iska. A sarari, wutar tana isa daga nisan kusan mita ɗaya. Da aka ɗora shi a kan ido mai rai, sai da aka matso da na'urar zuwa santimita 2. Tazarar da ke tsakanin waɗannan lambobi biyu ita ce aikin da hawaye da naman jiki ke yi wa igiyar rediyo, kuma har yau ba a gama da ita ba.

Parviz ya koma Google. A watan Janairu na 2014 kamfanin ya sanar da cewa yana ƙera gilashin da zai auna sukari daga hawaye, domin masu ciwon suga su huta da huda yatsa. Duniya ta ɗauka. Kamfanin magunguna na Novartis ya shiga yarjejeniya da su a wannan shekarar. A watan Nuwamba na 2018 aka dakatar da aikin. Eriya ba ta gaza ba. Hawayen ne ya ƙi faɗin gaskiya: yawan sukarin da ke cikinsa ba ya bin na jini sau da ƙafa, har a dogara da shi a ba mutum allurar insulin. Masana a Koriya ta Kudu sun ci gaba da bincike a kan wannan, suna gwaji a idon zomaye, amma babu irinsa a kasuwa.

Wani kamfani a Kalifoniya, Mojo Vision, ya nufi abin da ya fi wannan girma: allon kallo a cikin ido. Sun ƙera allon da faɗinsa bai kai rabin milimita ba, suka haɗa shi da ƙananan batura da rediyo na musamman da ke magana da wata na'ura da ake ratayawa a wuya. A watan Yuni na 2022 shugaban kamfanin, Drew Perkins, ya sa shi a idonsa ya karanta rubutu. Wata bakwai bayan haka, a Janairu na 2023, kuɗi suka yanke, aka jingine aikin, aka sallami kashi uku cikin huɗu na ma'aikata.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Argus II. Wannan ba a kan ido ake ɗora shi ba, tiyata ake yi a dasa shi a ciki, domin waɗanda wata cutar gado ta lalata wa shimfiɗar bayan ido. Kyamara a jikin tabarau tana ɗaukar hoto, wata 'yar kwamfuta a ƙugu ta sarrafa shi, zoben waya a gefen tabarau ya tura saƙo da wuta ta iska zuwa abin da aka dasa, shi kuma ya zunguri jijiyoyin gani a wurare 60. Ba gani ba ne irin namu. Walƙiya ce da inuwa, amma ta isa mutum ya gane ƙofa ko bakin titi. Amurka ta amince da shi a 2013, fiye da mutum 350 suka karɓa a faɗin duniya. Kamfanin Second Sight ya daina ƙera shi a 2019, a 2020 ya kusa rufewa. Aka bar bayin Allah da ƙarfe a cikin ido, idan wani sashe ya lalace ba tabbacin samun gyara. Duk wanda ya taɓa ganin famfon burtsatse da aka kafa da biki, ya tsaya bayan shekara biyu don babu mai kayan gyara, ya san irin wannan ciwo, sai dai wannan a cikin idon mutum yake.

A cikin gilasan da ake ɗorawa a kan ido, wanda ya kai ga hannun likitoci shi ne mafi ƙanƙantar buri. Wani ɗalibin injiniya a Lozan ta ƙasar Suwizalan, Matteo Leonardi, ya yi tunanin cewa idan matsin ruwan da ke cikin ido ya hau ko ya sauka, siffar ƙwayar idon tana ɗan canzawa, kuma ana iya jin wannan canjin da siririn zoben ƙarfe. Daga nan aka samu Triggerfish na kamfanin Sensimed, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a watan Maris na 2016. Gilashi ne mai laushi, ba batir. Ana manna wata eriya mai kama da filasta a kewayen ido, waya ta sauko daga ita zuwa 'yar na'urar da ake ratayawa a jiki. Kowane minti biyar sai ya yi awo na daƙiƙa talatin, dare da rana, har sa'a 24, mutum na barci ma yana yi. Washegari likita ya cire shi ya jefar, ya kwashe bayanan zuwa kwamfutarsa ta Bluetooth. Ba ya faɗin adadin matsin kai-tsaye, yana nuna lokutan da yake hawa da sauka ne. Amfaninsa shi ne matsin ido yakan hau da dare ko da asuba, lokacin da asibiti ke rufe.

A nan ne labarin ya dawo gida, domin cutar da aka yi wannan na'ura dominta, gilakoma, wadda mutane ke kira hawan jinin ido, ta fi tsananta a kan baƙar fata. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin ɗari na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, wato fiye da mutum miliyan ɗaya. Yanar ido ce kan gaba da kashi 43 cikin ɗari, gilakoma na biye da kusan kashi 17. Nazarin da Dakta Fatima Kyari ta jagoranta a kan wannan bincike ya nuna kusan mutum 5 cikin kowane 100 na wannan rukuni na da gilakoma, kuma fiye da 90 cikin 100 na masu ita ba su san suna da ita ba. Yana ana cire ta gani ya dawo. Gilakoma ba ta ciwo, daga gefe take cin gani, abin da ta ci kuma ya tafi ke nan. Binciken ya kuma tarar cewa kusan rabin idanun da aka taɓa saboda yana, masu aikin gargajiya ne suka tura yanar ciki da tsinke, ba tiyatar asibiti ba. Dalilin a fili yake. Asibitin ido na Kano da mishan suka buɗe a 1943, da Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da asibitin koyarwa na Sakkwato, duk sun yi wa mutumin Wara ko Libata da ke gaɓar tabki nisa. Ko Birnin Kebbi sai ya bi ta Koko da Jega, ya kashe yini da kuɗin mota na mutum biyu, domin mai ciwon ido ba ya tafiya shi kaɗai.

Sadarwar iska ta riga ta yi wa idon mutanen arewa aiki, amma ba ta cikin ido ta bi ba. Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a watan Agusta na 2001, ta ɗauki shekaru kafin ta kai garuruwan bakin tabki. Daga ƙarshen 2012 zuwa farkon 2016 aka gudanar da babban aikin ƙidayar amosanin ido na duniya, wanda Sightsavers ta jagoranta, aka duba mutum miliyan 2.6 a ƙasashe 29. Kano da Katsina na ciki, haka ma Jihar Neja da muke raba gaɓar tabki da ita. Mutum biyu ke shiga gida. Ɗaya yana sanye da tabarau mai ƙara girman abu ninki biyu da rabi, ya juya fatar idon yaro ya duba. Ɗayan yana riƙe da waya, ya shigar da sakamakon tare da alamar wurin da suke ta tauraron ɗan Adam. Da sun isa inda akwai sabis, bayanan su tafi. Aikin da a da takardu ke yin watanni kafin a tattara, ya koma na kwanaki, aka san ƙananan hukumomin da za a kai wa magani da masu tiyatar gashin ido. A Kenya kuma, likitan ido Andrew Bastawrous da abokan aikinsa suka ƙirƙiro Peek, manhajar da malamin makaranta zai gwada ƙarfin ganin ɗalibi da ita a waya, sakamakon ya tafi asibiti, saƙo ya je wa iyaye.

Ni a ganina, gilashin da ake liƙawa a ƙwayar ido ba zai yi saurin zama kayan masunci ko manomin albasa ba, ko da ya yi araha. Yana son hannu mai tsabta da ruwan wanki na musamman. A ruwan tabki da na rijiya akwai wata ƙwayar halitta da kan maƙale a ƙarƙashin irin wannan gilashi ta ci baƙin ido, kuma maganinta na da wuya. Ga ƙurar hunturu, ga hayaƙin bandar kifi. Wanda ya fi kusa da amfani shi ne tabarau mai kyamara da ke magana da waya ta Bluetooth. Google Glass na 2013 bai karɓu ba, amma na Ray-Ban da Meta da ya fito a 2023 ya samu kasuwa, kuma a 2024 aka haɗa shi da Be My Eyes, manhajar da wani ɗan Denmak mai raunin gani, Hans Jørgen Wiberg, ya faro a 2015, wadda ke haɗa makaho da mai sa kai ta bidiyo ya karanta masa takardar magani ko ya faɗa masa abin da ke gabansa. Wannan aikin ɗan jagora ne, kuma kowane ɗan jagora yaro ne da ya kamata a ce yana aji. Sai dai tabarau ɗin na son intanet mai ƙarfi da caji kullum, ƙauyuka da dama a gaɓar tabkin da ke juya injinan Kainji masu ƙarfin megawat 760 kuwa har yanzu a shagon mai sola ko mai janareta suke cajin waya. Sannan dole a samu masu sa kai da ke jin Hausa, da Kambarci, da harshen Gungawa.

Zuwa yanzu babu gilashin cikin ido mai allon kallo da ake sayarwa a ko'ina a duniya, Triggerfish kuma yana hannun ƙalilan daga ƙwararrun asibitoci. Awon matsin ido na yau da kullum ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikinsu. Akwai ma'aunin hannu mai aiki da batir da ma'aikacin jinya zai iya koya, awon ba ya wuce 'yan mintoci, akwai kuma ƙananan kyamarori da ake haɗawa da waya a ɗauki hoton jijiyar bayan ido a tura wa likita a Birnin Kebbi ko Sakkwato ya duba. Masu shekara 40 da ke taruwa a kasuwar Yelwa da ta Wara kowane mako, biyar cikin kowane ɗarinsu na iya kasancewa da gilakoma, kuma mafi yawansu ba a taɓa auna musu ido ba.